Mi ake nunawa a Tele Sahel ran Asabar da dare a 1985?

Ku gwada wannan tambayar a gida yau da dare. Ku tambayi baba ko inna, ko kawun nan da ya yi aikin gwamnati zamanin Kunce: ran Asabar da dare a 1985, mi Tele Sahel ke nunawa bayan labarai? Za ku ga fuska ta washe. Za a fara ba ku labarin tele guda a unguwa guda, da tabarmi a tsakar gida, da yaran da ake kora su wanko ƙafa kafin su zauna. Amma ku dage kan tambayar: wace rana, ƙarfe nawa, wane shiri ke bin wane? Nan gardama za ta kaure. Baba ya ce wasan kwaikwayo ne, inna ta ce a'a, wannan sai Lahadi, kawu ya ce ku duka kun manta, ai ran nan ma ba a buɗe tashar.

Wannan gardamar nake so mu mayar aiki. A ganina ya kamata matasan Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai su haɗa ƙungiyar masu sha'awar tsofaffin shirye-shiryen tele, kuma aikinta na farko ya zama sake gina jadawalin Tele Sahel, mako bayan mako, daga 1979 har zuwa shekarar 2000 da tashoshi masu zaman kansu suka fara shigowa.

Na san abin da wasu za su ce. Ƙasa na fama da rashin tsaro, buhun hatsi ya gagari talaka, wuta na zuwa tana tafiya, kai kuma tsohuwar tele ce ta dame ka? To, ku ɗan ba ni kunne.

Tele a Nijar ba da nishaɗi ta fara ba. A 1964 aka fara da talabijin ta makaranta, tare da taimakon Faransa, inda ake koyar da yaran lakwal ta akwatin. Sai a 1979, ƙarƙashin Seyni Kunce, aka mayar da ita Tele Sahel ta kowa da kowa, a hannun ORTN, wadda yau ake kira RTN. A farkonta ba kullum take aiki ba, wasu ranaku ne a mako, awoyi kaɗan da yamma zuwa dare. Gwamnati ta kuma kai akwatunan kallo na gama-gari garuruwa da ƙauyuka, masu aiki da hasken rana inda babu lantarki, mutane su taru su kalla tare. Tasha ɗaya, awoyi kaɗan, jama'a a jere gaban akwati guda. Ke nan duk mintin da aka ba wani abu, wani abu aka hana wa. Wani ne ya zauna a ofis a Yamai ya yanke cewa manyan labarai da Faransanci su ne na ƙarfe 8 da rabi, lokacin da maigida ya ci tuwo ya miƙe ƙafa, na harsunan ƙasa kuma su samu wani lokacin. Wani ne ya yanke minti nawa za a ba rangadin shugaba, nawa ga manomi, nawa ga malamin addini, nawa ga mata, nawa ga fim ɗin da aka sayo ko aka samu kyauta daga Turai. Wanda ya karanta jadawali na shekara goma a jere zai ga yadda hukuma take kallon talakawanta fiye da wanda ya haddace jawabai ɗari.

Ku ɗauki maganar harshe kawai. Tun da kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, ake ta musu a fada da cikin motocin haya kan wane harshe aka fifita da, wane aka danne. Kowa da abin da ya ji daga kakansa. Da muna da jadawalin a hannu, sai mu ƙirga: Hausa minti kaza a mako, Zabarmanci kaza, Fillanci, Barbarci da Buzanci kaza, Faransanci kaza, kuma a wane lokaci na dare. Minti goma sha biyar da magariba, sa'ad da maza ke masallaci mata ke madafa, ba daidai yake da minti goma sha biyar bayan isha'i ba. Musun ba zai mutu ba, amma aƙalla zai tsaya kan ƙafa.

Sannan akwai abin da ke namu na kanmu. Wasannin Yazi Dogo da ƴan ƙungiyarsa. Kokowar takobi da aka fara a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Bikin matasa na ƙasa da aka fara a Damagaram a 1976, da gasar kiɗa ta Ɗan Gurmu. Yanzu guntayensu ne ke yawo a wayoyinmu, minti biyu, hoto ya dusashe, babu shekara, babu sunan wanda ya ɗauka, wani lokacin ma an liƙa wa bidiyon sunan wani gari daban. Muna dariya mu tura gaba. Jadawali ne zai gaya mana cewa wannan guntun daga wane shiri ya fito, a wace shekara, kuma kashi nawa ne gaba ɗaya, don mu san nawa suka rage a nemo.

Mu na kudu kuwa jadawalinmu biyu ne. Mai doguwar eriya a Maraɗi ko Ƙwanni yakan juya ta kudu ya kamo NTA ta Katsina ko Sakkwato, a kalli Samanja a sha dariya, sannan a juyo gida don labarai. Wannan ba ya cikin takardar kowace hukuma, a Yamai ko a Legas. A kawunan mutane kaɗai yake.

Wani zai ce ai tashar na da ma'ajiyarta, mi ya kai mu? Kaset ba dutse ba ne. Irin kasakasan da gidajen tele ke aiki da su a lokacin, U-matic da Betacam, zafi da ƙura na cin su, kuma na'urorin da ke karanta su an daina ƙera su. Ƙari a kan haka, kaset na da tsada, don haka a duniya duka akan goge tsohon shiri a ɗauki sabo a kansa. BBC da kanta, da duk arzikinta, ta goge shirye-shiryenta da yawa na shekarun 1960, har da sassan wasan nan nata Doctor Who. Kun san inda aka tsinto kashi tara daga cikinsu a 2013? A Jos, nan Najeriya, cikin ɗakin ajiyar wata tashar tele. Masu sha'awar wasan sun shafe shekaru suna rubuta wane kashi aka nuna yaushe, wace ƙasa aka sayar wa, shi ya sa aka san abin da ya ɓata aka kuma san inda za a leƙa. Sai da ka san sunan abin da ya ɓace kake cigiyarsa. Ita BBC ɗin daga baya ta buɗe wa jama'a jadawalinta tun daga 1923, wanda ta tattaro daga mujallarta Radio Times, ta kuma bar masu karatu su gyara kurakurai.

Yadda za mu yi namu ba ya buƙatar jaka ko ɗaya daga wata ƙungiyar waje. Ƴan Yamai, musamman ɗaliban jami'ar Abdu Mumuni, su ne kusa da gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa, su je su bi tsofaffin kwafen Le Sahel da Sahel Dimanche shafi-shafi, duk abin da ya shafi tele su ɗauke shi hoto tare da kwanan watan jaridar. Sauranmu mu ɗauki kaye da bik mu zauna da manya. Amma da sharaɗi, don in babu shi za mu ƙare da tarin "kai, da can an ji daɗi" wanda ba ya amfanar kowa. Duk abin da aka faɗa a rubuta wa ya faɗa, a wane gari yake kallo, shekararsa nawa a lokacin. Abin da mutum ɗaya ya tuna a ajiye shi gefe har a samu na biyu da ba gidansu ɗaya ba. Inda takarda ta saɓa da baki a rubuta duka biyun, domin abin da aka buga za a nuna ba kullum shi ake nunawa ba: shugaba na iya yin jawabi ya cinye daren, wuta na iya ɗaukewa a Damagaram alhali Yamai na kallo. Kuma don Allah kar a tsaya ga maza. Iyayenmu mata sun fi riƙe ranakun wasan kwaikwayo, saboda da su suke tsara girkin dare.

A kuma nemo tsofaffin ma'aikatan ORTN da suka yi ritaya: masu gabatarwa, masu ɗaukar hoto, masu fassara labarai zuwa harsunanmu. Wanda yake da shekara 25 ranar da aka buɗe Tele Sahel yau ya haura 70, a ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai 15 ba. Wasunsu na da takardun aiki a cikin akwati ƙarƙashin gado, waɗanda ranar rabon gado za a ba mai ƙosai. Su za a fara zuwa wa, kafin jarida, don jarida za ta jira.

In muka haɗa ko da shekara biyar cikakku, sai mu rubuta wa RTN takarda, da jerin sunayen shirye-shirye da ranakunsu, mu tambaye su wanne ke nan, wanne za a iya juyewa zuwa kwamfuta, kuma yaushe ɗan ƙasa zai samu damar kallonsa.