Kafin ka murɗa komai a jikin babbar miksa

Wannan makon wani ƙanenmu ne ɗan aji biyar na sakandare ya kawo mana damuwarsa. Yayansa yana ba da hayar kayan sauti a wajen biki da taro, kwanan nan kuma ya sayo babbar miksa ta hannu mai layi huɗu, ƙirar Pioneer DJM-900NXS2. Shi ƙanen namu ya shekara biyu yana haɗa waƙoƙi a laftof da manhajar VirtualDJ, har 'yan ajinsu suna kiransa DJ. Yanzu an ba shi aikin sa kiɗa ranar bikin yaye 'yan aji shida, saura mako huɗu. Yayansa ya yarda zai ara masa kayan, da sharaɗin duk abin da ya ƙone shi zai biya. Ya ce ranar da ya fara tsayawa a gaban na'urar, ya ga abubuwan murɗawa da fitilu sun cika fuskarta, sai gabansa ya faɗi.

Mun san wannan faɗuwar gaba, kuma gara mai ita da wanda ba shi da ita. Mu da ba mu ji tsoro ba a farkon koyonmu, ɓarna muka yi. A zauren taron wata makaranta ne, na baya suka yi ta cewa ba sa ji, mu kuma muka yi ta ƙara murya. Jajayen fitilu suna ta haskawa a jikin miksa, muka ɗauka ado ne. Kafin a zo raba kyaututtuka, ƙananan sifikun da ke fitar da siririn sauti sun ƙone. Shugaban makaranta ya ƙarasa jawabinsa kamar mai magana daga cikin tulu, kuɗin gyara kuma ya cinye ladan aikinmu har da ciko. To, bari mu rage maka hanya.

Abu na farko, kada yawan maɓallai ya ruɗe ka. Dubi na'urar daga sama zuwa ƙasa, za ka ga jeri huɗu ne masu kama da juna. Kowane jeri layi ɗaya ne, wato hanyar da waƙa ɗaya ke bi. In ka san layi ɗaya, ka san huɗun. Irin wannan miksa ta fito a 2016, magajiyarta DJM-A9 ta fito a 2023, akwai kuma DJM-V10 mai layi shida da Xone:96 ta kamfanin Allen & Heath na Ingila. Duk da bambancin suna da farashi, tsarin layin kusan ɗaya ne.

Sauti yana shiga ta sama. Can ƙololuwar layi akwai makunnin zaɓen inda waƙa za ta fito, ko daga kwamfuta ko daga wata na'ura. A bayan miksa akwai ramin da aka rubuta wa PHONO, wannan na garmaho ne mai faifai kawai, domin sautinsa rarrauna ne, sai an ƙara masa ƙarfi sosai. In ka cusa wayar laftof ko ta wayar hannu a can, ƙara mai muni za ka ji. Ramin LINE ne naka. Jar waya ta dama ce, fara ta hagu.

Ƙasa da makunnin akwai abin murɗawa da aka rubuta wa TRIM. Shi ne ƙofar shigar sauti, kuma a nan muka yi tamu ɓarnar. Waƙoƙi ba ƙarfinsu ɗaya ba, wadda aka turo maka ta waya ba za ta yi daidai da wadda aka saya daga situdiyo ba. Kunna waƙar, je ka wurin da ta fi ƙarfi, ka murɗa a hankali har fitilun layin su tsaya a kore, suna ɗan taɓa ruwan lemo a kusa da sifiri. Ja yana nufin sautin ya fi ƙarfin na'urar, ta fara yanke kansa. Yankakken sauti yana da kaushi a kunne, yana kuma zafafa ƙananan sifiku har su ƙone. In na baya ba sa ji alhali fitilunka suna daidai, maganin yana wajen amfilifaya ko ƙarin sifika ko sauya musu wurin tsayuwa.

Daga nan sai abubuwan murɗawa uku masu raba sauti. Na sama yana riƙe da siririn sauti irin na kacau-kacau, na tsakiya yana riƙe da muryar mawaƙi da yawancin kayan kiɗa, na ƙasa kuma yana riƙe da kakkauran sautin ganga da ke bugun ƙirji. Ka bar su a tsakiya, kamar hannun agogo a ƙarfe 12. A wannan miksa kowannensu yana iya rage sauti da desibel 26 amma ƙarin da yake yi bai wuce 6 ba, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka an yi su ne don ragewa fiye da ƙarawa. Babban aikinsu shi ne lokacin sauya waƙa. Kakkauran sautin waƙa biyu ba ya zama wuri ɗaya, in suka haɗu sai sauti ya dagule. Saboda haka ka rage na sabuwar waƙa kafin ka shigo da ita, in lokaci ya yi ka sauke na tsohuwar ka ɗaga na sabuwar.

Ƙasa da su akwai maɓallin CUE, wanda ke kai maka waƙa cikin hedfon kai kaɗai, jama'a ba su ji ba. Da shi kake shirya waƙa ta gaba tun ta farko tana tafiya. Sai feda, ɗan abin da ake ja sama da ƙasa don sakin layin zuwa sifiku. A kwance can ƙasa akwai wata fedar mai tafiya hagu da dama. Shawararmu ga mai koyo ita ce ya mayar da makunnin kowane layi kan THRU, wanda ke raba shi da wannan feda ta kwance, don kada hannun riga ya ture ta zaure ya yi tsit.

Abu na biyu shi ne ƙidaya, kuma a nan darasin lissafi zai yi maka rana. Ana auna saurin waƙa da yawan bugunta a minti ɗaya. Waƙa mai bugu 120 tana yin bugu biyu a kowace daƙiƙa. In ka haɗa mai bugu 100 da mai 102 ba ka daidaita su ba, cikin daƙiƙa 30 ɗaya ta tsere wa ɗaya da cikakken bugu, sai a ji kamar dawaki biyu suna sukuwa a kan kwalta. Manhaja tana da maɓallin da ke daidaita su da kanta, kuma ba laifi ba ne a yi amfani da shi. Amma tana yin kuskure, musamman a kiɗan da aka buga da hannu irin na kalangu, inda makaɗi yake ɗan ƙara sauri ko ya rage. Don haka rufe lambobin allon da takarda, ka koya wa kunnenka gane wadda ke gaba da wadda ke baya.

Yawancin waƙoƙin zamani an gina su ne bugu huɗu-huɗu, kuma sukan sauya salo bayan bugu 16 ko 32. Saurara da kyau za ka ji inda amshi ke shigowa ko inda ganga ke ɗaukewa. Saki sabuwar waƙa a bugun farko na irin wannan gaɓa, sai su tafi tare kamar da ma waƙa ɗaya ce. A saurin 120, bugu 32 daƙiƙa 16 ne kacal. Kada kuma ka bari muryoyin mawaƙa biyu su hau kan juna.

A gefen dama akwai sashen kwalliyar sauti, mai sa amsa-kuwwa da sauran salo. Nan ne hannun mai koyo ya fi ƙaiƙayi. Zaɓi amsa-kuwwa kaɗai, ka koyi fita daga waƙa da ita, sauran su jira. Kwalliyar da aka sa a kowace waƙa gajiyar da kunne take yi.

Abu na uku shi ne tsare kayan mutane. Wajen kunnawa, fara da laftof da miksa, amfilifaya ko sifiku su zo ƙarshe. Wajen kashewa, su ne farko. In ka juya wannan tsari za ka ji wani "dum" mai ƙarfi, wanda ke iya lahanta sifika. Kafin ka cusa ko ka zare wata waya, sauke abin murɗawar MASTER ƙasa. In da janareto za a yi aiki, a bar shi ya daidaita kafin a jona kaya, a sa sitabilaiza, kuma ka tambayi wanda ke kula da shi ya sanar da kai kafin ya sauya layin wuta. Ruwan leda da kwalbar lemo su yi nesa da tebur. Makirufo kuma kada ya fuskanci sifika, nan ne wannan ƙara mai tsinka kunne ke fitowa. A taron makaranta jawabi ya fi kiɗa muhimmanci, saboda haka gwada makirufon da kanka tun kafin baƙi su iso. Makunninsa yana da matsayin TALK OVER, wanda ke sauke kiɗa da kansa da zarar an fara magana.

Akwai kuma kayan da ba a sayar da madadinsu a kasuwa, wato kunnuwanka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraren sauti mai ƙarfi. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke amfani da shi shi ne desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100, wajen minti 15 ne kawai. Rage sifikar da ke kusa da kai, wadda abin murɗawar BOOTH ke riƙe da ita, kada kuma ka ƙure hedfon. In ka koma gida kunnenka yana ƙugi, ya gaya maka ka wuce iyaka.

Ba a fafe gora ranar tafiya, ga yadda muke ganin za ka raba makonnin nan huɗu, minti 40 a rana bayan ka gama aikin gida da bitar karatu. Makon farko, layi ɗaya da fitilunsa da haɗa wayoyi, har ka iya kwancewa ka mayar ba tare da yayanka ba. Mako na biyu, waƙa biyu kacal masu kusan sauri ɗaya, ka yi ta daidaita su da kunne. Mako na uku, ƙidayar gaɓa da musayar kakkauran sauti, kana naɗar abin da ka yi kana saurare washegari, domin naɗi ba ya jin kunyar faɗa maka gaskiya. Mako na huɗu, jera waƙoƙin taron, ka saurari kowace daga farko har ƙarshe, ka cire duk mai kalmar da ba za ka so mahaifiyarka ta ji ba, ka kai wa malamin da ke kula da shirin ya duba. Ajiye kwafi a filash da kuma wayarka, ko da laftof za ta tsaya. Ranar taro in an kira salla ka sauke feda, in lokacin tashi ya yi ka kashe, maƙwabtan makaranta ma suna da haƙƙi.

Wannan sana'a tana da daɗaɗɗiyar alaƙa da 'yan makaranta. Ranar 11 ga Agusta, 1973, a unguwar Bronx ta birnin New York, wani saurayi ɗan shekara 18 haifaffen Jamaika, DJ Kool Herc, ya sa kiɗa a wani taro da ƙanwarsa ta shirya don ta samu kuɗin kayan komawa makaranta. Wannan taro ne ake ɗauka a matsayin mafarin kiɗan hip-hop, kuma kayan da ya yi aiki da su ba su kai rabin abin da ke gabanka ba. Abin da za ka koya a jikin miksar nan, daga daidaita ƙarfin sauti zuwa hana makirufo kuka, shi ake nema a gidan rediyo da situdiyo da wajen lacca da duk inda ake ɗaura lasifika. 'Yan mata ma ƙofar a buɗe take gare ku, na'urar ba ta san hannun namiji ko na mace ba.

Ƙanenmu, muna jiran labarin yadda taron ya kasance, da fatan yayanka zai karɓi kayansa lafiya lau. Sauran ɗalibai da ke koyon wata sana'a, ku aiko mana da tambayoyinku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.