Da wane harshe za a jarraba mai ba ɗalibai shawara?

A Amurka ba a barin mutum ya buɗe ofis a makaranta yana sauraron damuwar yara don kawai yana da haƙuri da sakin fuska. Sai ya yi mastar a fannin ba ɗalibai shawara, sa'annan jihar da zai yi aiki a cikinta ta ba shi lasisi. Kada a rikita lasisi da lisans ɗin da muke samu bayan shekara uku a jami'a. Tushensu ɗaya, amma lasisi ya shigo Hausa ta bakin Ingilishi da ma'anar izinin aiki, lisans kuwa ta bakin Faransanci da ma'anar shaidar karatu.

Hukumar CACREP, wadda aka kafa a 1981 don tantance irin wannan karatu, ta gindaya awa 100 ta gwajin farko, 40 daga ciki gaba da gaba da yara, sai awa 600 ta horon aiki a cikin makaranta, 240 daga ciki kai tsaye da waɗanda ake taimakawa. Kowane mako mai koyon yana zama da wani gwani ya bayyana masa abin da ya ji da yadda ya amsa. Jihohi da dama suna ƙara jarrabawa da binciken ko mutum ya taɓa aikata laifi. Faransa ma, tun 2017, mastar a ilimin halayyar ɗan Adam da cin gasar shiga aiki take nema ga mai wannan aiki.

A ganina, cikin duk waɗannan sharuɗɗa awannin nan 700 su ne ƙashin baya. Jarrabawar takarda hadda take aunawa. Iya sauraro kuwa sai a gaban yaro mai kuka ake gane shi, wani wanda ya fi ka sani yana lura da kai. Idan Nijar za ta kafa irin wannan horo, wannan ne abin ara. Babbar makarantar horon malamai ta jami'ar Abdou Moumouni ta daɗe tana yaye masu ba malamai shawara kan koyarwa; amma damuwar ɗalibi, a yawancin kwalejojinmu, kan malamin aji ko mai lura da tarbiyya take faɗowa, alhali ba a horar da ko ɗayansu don haka ba.

Sai dai akwai tambayar da ta fi shafar mu masu nazarin harshe: da wane harshe za a yi awannin? Ɗalibinmu da Faransanci yake lissafi, amma ba da shi yake baƙin ciki ba. A ɗauki yarinya ƴar ajin birebe a Tasawa ko Madawa, ta sunkuyar da kai ta ce an zo gaisuwa gidansu. Wanda ya juya wannan jimla zuwa Faransanci kalma da kalma, baƙi kawai zai gani sun kawo ziyara. Wanda ya san Hausa ciki da bai ya ji maganar aure, ya kuma san cewa karatun yarinyar yana bakin rijiya. Ba ƙaramin lamari ba ne a ƙasar da binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na mata ƴan shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18. Haka yaron da ya ce tunani ya yi masa yawa: ba wai yana nazari ba ne, ciwon zuciya yake faɗa da kalmar da kunya ta yarje masa. Har “ba komai” tana da nauyi iri-iri, gwargwadon murya da tsawon shirun da ya gabace ta.

Wani zai ce ai duk Bahaushe ya iya Hausa, mene ne na jarraba shi? Iya hira a kasuwa dabam, iya tambayar budurwa abin da ba a faɗa ba tare da an ci mata fuska ba dabam. Kuma ma'aikacin gwamnati ba ya zaɓen inda za a tura shi. Wanda ya tashi a Yamai yana iya samun kansa a Damagaram, inda kunnensa zai daɗe bai saba ba. Wanda aka kai arewacin Tawa zai tarar da yaran da Tamajak ko Fulatanci ne harshen gidansu. Kundin 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, amma wannan bai sa kowane yaro ya iya faɗin sirrinsa da ita ba. Tafinta kuma ba mafita ba ne. Kunne na uku a ɗaki, a ƙaramin gari inda kowa ya san kowa, ya isa ya rufe bakin yaro har abada.

Maganar kuɗi gaskiya ce. Ƙungiyar masu wannan aiki ta Amurka tana neman mutum ɗaya ga ɗalibi 250, kuma jihohinsu da yawa ba su kai haka ba, balle mu da azuzuwan zana ke jiran gini. Amma ƙarancin kuɗi yawan ma'aikata ya kamata ya rage, kada ya taɓa ingancinsu. Gwani ɗaya mai zagaya kwaleji huɗu ya fi mutum huɗu da za su kai sirrin yarinya ɗakin malamai.

Abin da nake ba da shawara shi ne, a rubuta a jikin lasisin harsunan da aka jarraba mai shi da su, ta hanyar tattaunawa a gaban alƙalai, ɗaya daga cikinsu masanin harshen. A sa darasin ma'anar zance a mahallinsa cikin mastar ɗin. Sassan ilimin harsuna kuma ba sai sun jira doka ba: ɗalibin da ke neman batun kundin mastar yana iya tattara kalmomin damuwa, tsoro da kunya a Hausar Adar, Gobir da Damagaram, da izinin masu maganar, ya kwatanta su da abin da littattafan Faransanci suke kira da suna ɗaya.