Kada Ka Sayar Da Hatsinka Don Garin Naman Kaza

Maigida, ka saurara. Da kaka ta kama, masu talla sukan zaga Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da garin wani naman kaza, wai shi ganodama, suna cewa yana ƙarfafa jiki. Ni dai ban yarda ka zuba kuɗinka a kansa ba. Ba ya kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, alhali a ƙarshen damina ne zazzaɓin nan ya fi kayar da yara. Abin da zai ƙarfafa iyalinka yana rumbunka: wake, da gyaɗa, da zogale. Ka haɗa da gidan sauro da allurar rigakafi.

Wanda kuwa ke tsirowa a juji ko gindin itace, lalle a hana yara taɓa shi. Wani irinsa dafinsa yakan lalata hanta, dafuwa ba ta kashe dafin, kuma ciwon ba ya tashi sai bayan awa 6 ko fiye. In yaro ya ci, kada ka jira amai. Ka kai shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano nan da nan, ka riƙo ragowar abin a nuna wa likita.