"Ai Har Turawa Sun Faɗa"

A majalisarmu ta nan Dawaki akwai maganar da take kashe kowace gardama: "Ai har Turawa sun faɗa." Da zarar wani ya zaro waya ya nuna labari da Turanci, sai kowa ya ja bakinsa, kamar an kawo nassi. 'Yan bokonmu, da ya kamata su fi kowa tantancewa, su suka fi kowa miƙa wuya. Wai jaridar Turanci ba ta da ɓangare. Ni dai na daina yarda da wannan tun ƙarshen azumin 2025.

A ƙarshen watan Maris na shekarar, mafarauta 'yan jihar Kano suka taso daga Fatakwal za su zo gida Sallah. A Uromi ta jihar Edo 'yan banga suka tare motar da suke ciki, suka ga bindigogin farauta ƙirar maƙera, aka yi kururuwa, jama'a suka far musu da duka da wuta. Mutum 16 suka rasu. Da yawansu 'yan Torankawa ne a Bunkure, wadda ita da Rano da Kibiya ɗan majalisar wakilai ɗaya muke zaɓa. Ba labarin nesa ba ne a wurinmu.

To me kanun labarai da dama na Turanci, na gida da na waje, suka fara kiransu? Waɗanda ake zargi da satar mutane. Wa ya zarge su? Waɗanda suka ƙone su. Wato an ɗauki hujjar makashi an liƙa wa mamaci a goshi, aka zaga duniya da ita tun kafin a yi masa sutura. Daga baya an gyara, an ce mafarauta ne, gwamnan Edo Monday Okpebholo ya zo Kano ta'aziyya. Amma magana zarar bunu ce. Mai karatu a Landan kanu yake gani ya wuce, ba ya dawowa neman gyara.

A duba watan Mayun 2022. An kashe wata ɗaliba a Sakkwato, kisan da babu mai hankalin da zai kare shi. Duniya ta ji sunanta, ta ga hotonta, an faɗi addinin waɗanda suka kashe ta, kuma babu laifi don an faɗa. A cikin watan nan dai aka harbe wata 'yar Arewa mai juna biyu da 'ya'yanta huɗu a Anambra. Su kuma makasanta sai suka zama "'yan bindigar da ba a san ko su waye ba". Idan namu ya yi kisa, yana da ƙabila, yana da addini. Idan namu aka kashe, ba shi da suna, makashinsa ba shi da asali.

Haka a 2015 wata cibiya a Ostareliya mai fitar da ma'aunin ta'addanci na duniya ta sa "mayaƙan Fulani" a matsayi na huɗu wajen kisa, kamar wata ƙungiya mai shugaba da tuta. Jaridu suka yi ta yayatawa. Bafulatanin da yake kawo mana nono ranar kasuwa bai san an yi masa rajista ba.

Abin kuwa tsoho ne. A farkon 1903 rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya, ta buɗe wa Bebeji wuta, nan maƙwabtanmu, ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. A rubuce-rubucen Turawa wannan ba mamaya ba ce, kwantar da tarzoma ne da ladabtar da Sarkin Kano Alu don ya karɓi Magajin Keffi, wanda ya kashe Kyaftin Moloney. Mutanen Satiru da aka karkashe a 1906 kuwa masu tsattsauran ra'ayi aka kira su. Mai bindiga shi ya riƙe alƙalami.

Kada wani ya ce ina wanke kowa. 'Yan fashin daji suna nan a Zamfara da Katsina, mu suke kashewa, mu muke biyan kuɗin fansa, ba mu buƙatar Bature ya gaya mana. Ƙorafina shi ne a kira mai laifi da laifinsa, a ƙyale ƙabilarsa.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne gidajen rediyonmu na Hausa. Sai a ɗauko labarin Turanci a fassara shi ɗungurungum, har da tambarin da aka buga mana, a karanto mana da bakinmu. Editocinmu, don Allah, kafin ku ce "wanda ake zargi", ku tambaya wa ya zarge shi. Daga Kano zuwa Bunkure ba ta kai tafiyar awa biyu ba. Ku aiko wakili ya tambayi sunan mamacin.