Jinyar Namun Daji: Wa Zai Ɗauki Tsintsiya?

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wani aiki da ba a cika ambatonsa ba idan ana hirar inda mutum zai nufa bayan ya karɓi takardar digiri. Aikin kuwa shi ne na gidajen jinyar namun daji, watau wuraren da ake kai dabbar da aka ƙwace daga hannun mafarauci ko ɗan fasa-ƙwauri, ko wadda tarko ya karya wa ƙafa, ko marainiyar da aka harbe uwarta, a yi mata magani, a raine ta, har ta isa komawa daji. Da yawa daga cikinmu in sun ji haka sai su ɗauka gidan zu ake nufi. Alhali kuwa ba ɗaya ba ne. Gidan zu yana tara dabbobi ne domin jama'a su zo kallo ranar Salla. Shi kuwa gidan jinya, babban burinsa shi ne wata rana a buɗe keji a bar shi wayam.

Waɗanda suka taɓa yin hutu ko koyon aiki a irin waɗannan wurare daga cikinmu sun san cewa abin da ake gani a hoto, na saurayi rungume da ɗan biri yana murmushi, ba shi ne aikin ba. Aikin yana farawa ne da asuba, da tsintsiya da bokiti da shebur. A kwashe kashi, a wanke dandamali, a zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta, a sake ruwan sha. Kafin a zubar da kashin ma sai an tsaya an dube shi da kyau, domin naman daji ba ya nuna ciwo. A dawa duk wanda ya nuna rauni shi ne abincin gobe, saboda haka dabba takan daure har sai ta kusa faɗuwa. Sau da yawa kashinta da ragowar abincinta su ne ke fara tona asirin abin da ke damunta. Daga nan sai yankan ayaba da gwanda da dankali, a auna na kowa, a rubuta a littafi. Jariri kuwa sai an ba shi madara da kwalba bayan 'yan sa'o'i kaɗan, dare da rana, kuma in aka yi garajen ɗura masa har madarar ta shiga huhu, to an yi masa illar da ta fi yunwa. Sabon zuwa ba a haɗa shi da sauran sai ya yi makonni a keɓe ana gwada shi, musamman birai, waɗanda ke iya ɗaukar tarin fuka daga mutum, su kuma mayar masa.

Amma duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da doka guda ɗaya wadda ke ba kowane sabon ma'aikaci wahala: kada ka bari dabbar ta saba da kai. Mu mutane ne da aka raina da kiwo. Mun saba da tunkiyar da ke bin mai ita har kasuwa, da dokin da ke haniniya in ya ji takun ubangidansa. A nan kuwa sabo halaka ne. Barewar da ta daina gudun mutum, ranar da aka sake ta ita za ta taka da ƙafarta ta je wurin maharbi. Ɗan mujiyar da ya buɗe ido ya ga fuskar mutum ce ke ba shi abinci, yakan girma bai san kansa tsuntsu ba ne. Don haka ake rage magana kusa da su, ake ajiye abinci a ɓuya, ake gaggauta haɗa maraya da 'yan'uwansa da zarar ya yi ƙwari. Mutum ya yi wata uku yana hana idonsa barci saboda wata halitta, sa'an nan ladan da zai samu shi ne ta gan shi ta ruga a guje. A ganinmu wannan irin tausayi ya fi na mai ɗaure biri da sarƙa a zaure yana ba shi alewa.

To, daga ina waɗannan marasa lafiya suke zuwa? Mu daina ɗora wa mafaraucin ƙauye laifin duka. Mafarauci ba ya wahalar kama abin da ba shi da mai saye, masu sayen kuwa a birni suke. Ɗan birin da ake talla a bakin titi ba tsintarsa aka yi ba. Uwa ba ta sakin ɗanta sai ta mutu. Gauraka da ke tafiyar ƙasaita a farfajiyar gidajen masu hali, daga fadama aka raba shi, kuma yau da wuya a gan shi a fadamun Najeriya. Aku da ake koya wa sallama ya yi ƙaranci har a farkon shekarar da ta biyo bayan taron 2016 aka hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Ungulu ma, wadda iyayenmu suka san ta cike da kowace mahauta, tun 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa, kuma neman sassan jikinta domin tsibbu yana cikin dalilan. Doka kuwa akwai ta: tun 1985 gwamnatin soja ta kafa dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, aka kuma yi mata gyara a 2016. Sai dai jami'in da ya ƙwace dabba yana bukatar wurin kai ta. In babu, ko dai ya kau da kai, ko kuwa ta mutu a ɗaure a bayan ofis.

Kada a ce abin ba ya yiwuwa a ƙasarmu. A Kalaba, a 1991, waɗansu Amurkawa biyu, Liza Gadsby da Peter Jenkins, suka fara karɓar marayun wani gwaggon biri mai baƙar fuska da ake kira diril, wanda a duk duniya ba a samunsa sai a Jihar Kuros Riba, da kudu maso yammacin Kamaru, da tsibirin Biyoko. Daga baya suka buɗe wani sansani a gindin dutsen Afi, inda biran ke zaune ƙungiya-ƙungiya cikin kurmi da aka kewaye, suna hayayyafa. 'Yan ƙasa ne ke ɗauke da yawancin aikin yau da kullum, kuma duk ɗan bautar ƙasa da aka tura wannan jiha yana iya zuwa ya gani da idonsa. Maƙwabtanmu na Nijar su ma sun nuna abin da haƙuri ke yi. Raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai, sun ragu har sun koma 49 a 1996. Da aka tsaya musu, manoman yankin suka ba da hannu, sai ga su sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai su gandun Gadabeji a jihar Maraɗi.

Wannan ya kawo mu ga rabin aikin da ake yi a waje, wanda shi ne ke jan hankalin samari. Gaskiya ne akwai daɗi a cikinsa. Wanda ya taɓa kwana a tanti yana jin kukan kura daga nesa, ko ya bi sawu da sanyin safiya tare da tsohon mai gadin daji da ke karanta ƙasa kamar allo, ba zai manta ba. Amma akwai tsando da kaska, akwai mota da ke kafewa a laka da damina a yi yini ana tura ta, akwai tafiyar ƙafa ta sa'o'i domin kawai a tabbatar dabbar da aka saka tana ci tana sha. Akwai kuma kwance tarkon waya ɗaya bayan ɗaya, domin sakin dabba a dajin da ba a tsare ba daidai yake da mayar wa mafarauci kayansa bayan an yi masa kiwo. Yankari, wadda aka keɓe tun 1956, tana nan da giwayenta ne saboda akwai masu sintiri da ke kwana a cikinta, waɗansunsu ma sun rasa rayukansu a bakin aiki.

Abin da ke ba mu takaici shi ne yadda mu masu ilmin zamani muke kallon irin wannan aiki. Mutum ya yi shekara biyar ko shida yana karatun gandun daji ko likitancin dabbobi, amma ranar da aka tura shi daji sai ya ɗauka horo ne aka yi masa, ya shiga neman wanda zai sa baki a dawo da shi hedkwata. A hedkwatar kuma takardar kuɗin abincin dabbobi sai ta yi wata guda a kan tebur tana jiran sa hannu, kamar dai cikin jimina ya san ƙarshen wata. 'Yan'uwanmu da suka riga mu shiga aikin gwamnati, wannan takarda a gabanku take bi.

Muna roƙon Ƙungiyar Ɗalibai da ta nemi sassan da abin ya shafa su sa gidajen jinya da gandayen namun daji cikin wuraren da ake tura ɗalibai koyon aiki, a kuma taimaka wa mai son zuwa da kuɗin mota. Waɗanda kuma za su tafi gida hutun damina, ga saƙo ku kai wa ƙannenku: in sun ga ɗan gada ko ɗan barewa kwance shi kaɗai cikin ciyawa, kada su ɗauka. Uwar ce ta ɓoye shi ta tafi kiwo, kuma tana dawowa ta shayar da shi in mutane sun bar wurin.