Kyamara ba ta san jar saniya ba

A tarurrukan masu ayyukan raya karkara akwai zancen da ake ta juyawa: a ɗaga jirgi marar matuƙi bisa garke, kwamfuta ta ƙidaya dabbobi, ta bi kowace saniya da lambarta, shi ke nan an huta da gardamar makiyayi. Masu wannan zance su je bakin rijiya a Bader Goula, cikin gundumar Dakoro, a tsakiyar watan Afrilu.

Ga yadda ƙidayar ke tafiya: a kowane hoto na bidiyo, manhaja na zana akwati a kan abin da ta gane, ta ba shi lamba, sannan ta yi hasashen inda zai kai a hoto na gaba, da lissafin da Rudolf Kalman ya fitar a 1960. Haka manhajar SORT ta 2016 ke aiki, DeepSORT ta 2017 kuma ta ƙara da duba kamanni. Muddin kowa na tafiya a miƙe, lafiya lau. Da zarar biyu sun gitta juna, ɗaya ta kare ɗaya, sai lambobi su musanya, ko saniya ta ɓace ta dawo da sabuwar lamba, a ƙidaya ta sau biyu.

To, bakin rijiya ai gittawa ce zalla. Jakai na jan wasaki, shanu sun yi cincirindo a kwami, ƙaho ya sarƙe da ƙaho, maraƙi ya shige ƙarƙashin uwarsa, ƙura ta turnuƙe.

Da me aka horar da manhajojin? Gasar irin waɗannan manhajoji ta MOTChallenge, wadda aka fara a 2015, masu tafiya a ƙafa ta fi nunawa, a titunan birane irin su Zurik da Benis, kowa da launin rigarsa. Masu bincike a jami'ar Bristol ta Ingila sun iya tantance shanun Holstein ne saboda kowace da irin dabbare-dabbarenta na fari da baƙi. Shanun Bororo kuwa jajaye ne wur, daga ta farko har ta ƙarshe. Masanan kansu ba su ɓoye ba: gwajin DanceTrack na 2022, inda 'yan rawa masu tufafi iri ɗaya ke cuɗanya, ya nuna yadda ƙwarewar manhajojin ke zubewa. Su dai dillalan fasaha ne ba sa karanta wannan shafin.

Bafillacen da ake son a huta da gardamarsa ya san kowace saniya da sunanta, ya san uwarta da kakarta.

Fasahar na da wurinta, kamar ƙidayar garken da ya bazu a fili yana kiwo. Amma lambar da za a gina haraji, rabon dusa ko allurar rigakafi a kanta, in ta karkace, makiyayi ne zai biya. Duk mai son sayar wa Nijar irin wannan na'ura, ya fara gwada ta a rijiyoyin kwarin Tarka da rani, ya faɗi sau nawa ta musanya lambobi.