Bege Ba Hajar Kasuwa Ba Ne

Akwai masu wa'azi a Parakou da Djougou waɗanda suka mai da bege hajar sayarwa, sai ka ce a kasuwar Arzeke: kawo baiko yau, gobe babur, jibi gidan siminti. Wannan ruɗi ne. Ibrahim yana da shekara 75 Allah ya yi masa alkawari, bai rungumi Ishaku ba sai da ya kai 100. Manzo Bulus kuwa daga kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa, bai fasa murna ba, gama begensa tashin Almasihu ne. To, gwauruwar da ta sayar da doyarta ta kai musu, babur bai zo ba, har ta daina zuwa sujada, wa zai amsa a gaban Ubangiji saboda ita?